Bidon Surukina

Ni mutuniyar Maradi ce, amma a Yamai na tsufa. A lokacin da abin nan ya faru ina sayar da kayan yaji a kasuwar Petit Marché, kuma ba yabon kai ba, hancina ya fi sikeli gaskiya. Ko ta bayana aka wuce da citta sai in faɗi ta bana ce ko ta bara. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini, amma ban taɓa yarda akwai mai iya rufe ni ba.

Ina zaune a Gudel, gida ɗaya da 'yata da mijinta, direban kamiyo, babbar motar kaya, mutum mai shiru-shiru. Sun daɗe da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Tsakanina da shi sai kunya irin tamu: ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, in amsa fuskata a gefe. Ban taɓa kama sunansa ba, balle in yi masa tambaya.

Wata rana na ga wani fim a tele gidan maƙwabta, na 'yan sanda da masu fataucin giya a ɓoye. Ban ji turancin ba, amma na gane komai: ana cika durom-durom, ana lodawa a mota, kuma cikin 'yan sandan akwai masu zuwa karɓar rabonsu. Ban daɗe da ganin fim ɗin ba sai na lura surukina yana sauko da wasu bido, jarkokin nan na roba, daga kamiyonsa, ya shige da su ɗaki ya ja ƙofa. Na ratsa ta gindin taga, wani wari mai tsami ya buge ni. Kuma ga wani polis, abokinsa, yana zuwa ran Juma'a ya fita da kwalba naɗe a leda. Na ce a raina, to, ga fim ya shigo gidana.

Na tambayi 'yata, ta sunkuyar da kai ta ce ba komai ba ne, in bar maganar. Na ce mata ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba, kuma abin da ba komai ba ne ba ya wari haka. Ta yi kuka, kukan ya ƙara mini zargi. Shi kuwa ba dama in tunkare shi, ina suruka. Sai na ɗauki mayafina na tafi kai ƙara komisariya, ofishin 'yan sanda, ba ta kartiyenmu ba, wata can nesa da unguwar, don kada maganar ta faɗa kunnen abokin nasa.

Da hantsi 'yan sanda suka zo, mutane suka cika ƙofar gida. Aka fito da bido tsakar gida aka buɗe, sai ga saiwoyi da sassaƙe a jiƙe. Babbansu ya shinshina, ya tambayi surukina maganin mene ne, ya ƙi magana. Babban ya ce to sai su tafi da shi. A nan, gaban maƙwabta, gabana, surukina ya ce jiƙon neman haihuwa ne, likita ya ce matsalar daga gare shi take, ba daga matarsa ba, kuma polis ɗin ma lalurarsu ɗaya. Wani matashi a ƙofa ya yi dariya. Ashe duk shekarun nan 'yata ce ke ɗaukar gorin mutane don ta rufa masa asiri, ni na yaye shi da hantsi.

Surukina bai sake ta ba, bai kuma ce mini uffan ba. Kafin wata ya mutu sun kwashe kayansu sun koma Lamorde, ƙetaren kogi. 'Yata takan zo, ta zauna kamar baƙuwa, da zarar na tambayi lafiyar maigidan sai ta fara neman takalmanta. Shi ko da salla saƙon gaisuwa yake aikowa.

Har yau ina cewa warin nan na abin da ya tsima ne, hancina bai yi ƙarya ba. Zuciyata ce ta yi. Abin da nake faɗa wa 'yan'uwana tsofaffi, idan kunya ta hana ku tambayar suruki, akwai ƙanen miji, akwai liman, akwai aminin uba, ku aika su. Kuma in 'yarku ta ce ku bar magana tana hawaye, ku bar ta. Ni na ji kunyar yi masa tambaya ɗaya a ɗaki, amma ban ji kunyar tara masa unguwa ba.