Asun da Ya Ci Takardar Digirina

Ban tabbatar da sunansa na gaskiya ba. Innata asu take ce masa, to bari in bi ta. Ɗan ƙwaro ne mai sheƙi kamar azurfa, bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ba fiffike, ba cizo, ba ko kuka. Da ka ɗaga takarda sai ya sulale kamar ɓarawon takalmi. Wannan abin banza ne ya raba ni da aikin koyarwa.

Ko da yake, in za a yi adalci, an taya shi. Ranar da na kawo takardar digirina gida Dogon Dawa, kawuna, ƙanin Inna, ya karɓe ta. Ya ce irin wannan ba ta zaman jaka. Ya dama sitacin rogo, ya shafe bayanta, ya liƙa a kwali, ya rataye a zaurensa don baƙi su gani. Na so in yi magana. Ina ta juya yadda zan faɗa ba tare da raini ba har sitacin ya bushe.

Da 'yan bindiga suka sa muka taso cikin garin Birnin Gwari, aka jefa kwalin a adaka tare da tsofaffin zannuwa. Damina biyu yana ciki. Sai aka kira ni tantancewa a Kaduna, aka ce in zo da takardar asali. Ina buɗe adakar asu suka watse. Sun lashe sitacin tas, takardar ta rabu da kwalin, sun huda ta. Hatimi na nan, sa hannu na nan. Sunana ne babu, sai harafi biyu.

Kawu ya ɗaga ta a rana.

"Kai ɗan nan, ai hatimi ake dubawa. Wa bai san sunanka ba?"

"Kawu, a Kaduna ba su sani ba."

"To ka faɗa musu mana! Bakinka ma asu ya ci?"

Na faɗa musu. Matar da ke duba takardu ta leƙo ni ta cikin hujin, ta ce, "Malam, wannan ai ta kowa ce." Ta ba ni zuwa Juma'a in kawo wata daga jami'a. Wata huɗu na yi kafin ta fito, gurbin aikin kuwa tuni an cike shi.

Da sabuwar ta iso, kawu ya aiko a kai masa, wai ya samo sitaci mai kyau. Na ce zan duba. Har yau ina dubawa.