Sunan da Yaya Haruna yake bugawa kowace safiya

Shekara tara ke nan da muka sallaci Yaya Haruna a masallacin Harami muka kai shi makwancinsa, kuma na ɗauka babu abin da ban sani ba game da shi. Ɗaki ɗaya muka tashi a unguwar Nakkasa, tun kafin a rushe layinmu. Sai ga shi watan jiya 'yarsa Sumayya ta zo mini da labarin da har yau ya hana ni sukuni.

Yaya ne ɗan bokon gidanmu. Ni tasi nake ja a unguwar Hindawiyya, shi kuwa shekara goma sha huɗu ya yi a wani kamfani mai haɗa wa otal-otal na'urorin rajistar alhazai. Mutum ne da ba ya wasa da suna. Ka kuskura ka ce wa ɗan wani "kai wane", sai ya tsayar da kai ya ce ai rago aka yanka masa. Mun sha yi masa tsiya, muna ce masa limamin suna.

Sumayya ta gaji aikinsa, a kamfanin nan dai. Bana shugabanninsu suka kawo doka: kowa ya rubuta yadda yake so a kira shi, har da ko "shi" ne ko "ita", don suna aiki da mutanen ƙasashen da sunansu ba ya nuna namiji ko mace. An kuma hana kiran mutum da launinsa ko asalinsa. Ranar da na fara jin wannan dariya na yi, na ce mutane sun rasa aikin yi.

To, ita aka sa ta bi tsofaffin bayanan ma'aikata ta gyara. A nan ta ci karo da na mahaifinta. Sunan da aka ba shi na shiga na'ura ba Haruna ba ne. "Takruni" aka rubuta, kalmar da ake jifan baƙar fata irinmu da ita a garin nan, mu da aka haifa a nan, aka haifi ubanmu a nan. Wani tsohon ma'aikaci ya gaya mata mudir ɗin lokacin, wato manajan kamfanin, shi ne ya sa, wai da wasa, ran da Yaya ya kama aiki. Ba wanda ya sake tunawa ya canza shi.

"Ya Ammi," ta ce da ni, wato baffana da Larabci, "kullum da safe sai ya buga shi da hannunsa kafin na'ura ta buɗe masa. Kullum."

Mutumin da yake faɗa a kan sunan 'ya'yan wasu, ashe nasa yake ajewa a bakin ƙofa kowace safiya. Muna shan shayi tare bayan la'asar, bai taɓa ko gunaguni ba. Na san dalili, shi ya fi ƙona mini rai. Aikin nan ne ya fitar da mu daga Nakkasa zuwa Rusaifa, shi ya kai Sumayya jami'a.

Na yi ta tambayar kaina me zai ce da ya ga wannan doka. Maganar "shi" da "ita" na san sai ya ɗan murguɗa baki. Amma a tambayi mutum yadda yake so a kira shi, anya ba abin da ya yi ta jira ba ne? Ni da na yi dariya, kunya ta kama ni.

Sumayya ta goge kalmar da hannunta, ta mayar masa da sunansa, ko da yake ba zai sake shiga na'urar ba. A tata takardar ta sabuwar dokar kuwa ba ta rubuta sunanta ba. "Bintu Haruna" ta sa, wato 'yar Haruna.

Yaya bai bar gadon gida ko mota ba. Amma yanzu a ofishin nan, daga mudir har mai gadi, duk wanda yake neman 'yarsa sai ya ambaci sunansa. Allah ya jiƙanka, Haruna.