Gyadar da Baba Yake Ware wa Kansa

Duk garinmu 'Yandoto an ce ciwon shawara ne ya kama Baba, kuma duk sun yi kuskure. Ranar da na gano haka ba za ta taɓa fita raina ba.

Idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ana ta ɗirka masa jiƙon saiwa. Ni ba ni da haƙurin jira. Na ce, "Baba, tashi mu tafi Gusau." Ya ce, "Ke ɗiyar nan, wa zai duba mini gyada?" Na ce gyada ba ta da ƙafar gudu. Daga tashar motar Tsafe har asibiti yana yi mini tsiya, wai tunda na gama sakandare na zama likitar gida.

Bayan gwaji da hoto, likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce dajin hanta ne. Na tambaye ta kai tsaye yadda hantar mutumin da bai taɓa shan ko taba ba za ta lalace. Ta ce a cikin hanta akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke kwance kamar iri a rumbu. In hanta ta ji rauni, jiki yakan aika musu sinadarin da ke cewa su tashi su hayayyafa, su cike gurbin. Amma in raunin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, saƙon ba ya yankewa, har wasunsu su lalace, su daina jin "ya isa". Baba yana da tsohuwar cutar hanta a jini bai sani ba. Sai ta tambaya ko muna cin gyada mai fumfuna, domin gubarta tana ƙara wa hanta rauni.

Nan na fashe da kuka. A gidanmu gyada mai kyau ake kaiwa kasuwar Mada, a bar ragowar don ci. Cikin ragowar ma Baba yakan zauna kan tabarma ya tsince mana lafiyayyu, ya watsa masu ɗacin a bakinsa, yana cewa, "Cikina ya saba." Mu kuwa dariya muke yi masa.

A gaban likitar Baba ya dube ni ya ce, "To mi na na kuka? Da ku kuka ci fa?"

Bai kai wata damina ba. Har yau in na ji ƙamshin suyar gyada, tabarmar nan nake gani.

Na koyi cewa abin da jiki ya yi shiru a kai, ba lallai ya yafe ba. Bayan sadakar bakwai na zubar da ragowar gyadar, Inna tana faɗa ban saurare ta ba. Na kuma yanke cewa duk ƙannena sai na kai su gwajin hanta da allurar rigakafi, mai so da marar so.