Dokin Ƙofar Gwaggo a New Bell

Muna idar da sallar asuba muka bar Yawunde, ni da wani abokina malamin ilimin halayyar ɗan Adam, za mu Duwala sunan jikar gwaggona. Rabona da gidanta tun ina ɗan shekara uku, lokacin da aka mayar da mahaifina aiki Garwa.

A jakata akwai littafina na uku da saƙon matar da ke tace mini rubutu. Ta ce in cire babi na huɗu kafin Litinin, ko a ɗage bugawa sai baɗi. Hujjarta ita ce labarin a Garwa yake, amma gidan da na siffanta dokin ƙofarsa ya kai gwiwa, mutanen gidan kuma a ƙusa suke rataye takalmansu. Ita haifaffiyar Garwa ce, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta ce ko a littattafaina biyu na baya akwai ƙusoshin nan. Na duba, da gaskiyarta, kuma ni ban taɓa lura ba. Babin kuwa shi na fi so, domin a ciki ne wata tsohuwa ke ajiye da jan takalmi ƙafa ɗaya a ƙasan akwatinta.

Hanyar tana da kwalta, sai dai manyan motocin katako sun cika ta. Duk lokacin da direbanmu ya fita zai wuce ɗaya, kowane fasinja sai ya kira Allah da harshensa. A Bumnyebel mata suka kewaye motar da gasasshiyar agada da safu, ɗan itacen nan mai maiƙo. Muna ci na nuna wa abokina saƙon. Ya ce abin da yaro ya gani kafin bakinsa ya buɗe ba ya ɓacewa, nutsewa yake inda tunani ba ya kaiwa, kuma sau da yawa daga can marubuci ke ɗebo abin da yake kira ƙirƙira. Na ce masa ni ma'aikacin rediyo ne, labarin da ban tabbatar ba ba na karantawa. Ya yi dariya, ya cinye safuna na ƙarshe.

Mun haye kogin Sanaga a Edeya, kafin azahar muka shiga Duwala da zafinta mai ɗanko. Daga tasha muka hau babur, wanda a nan ake kira bensikin, kowanne da doguwar lema. Kuɗinsa ya tashi saboda hadari ya haɗo. A unguwar New Bell, inda Gwaggo take, hayaƙin masu tsire ya tarbe mu, ga masu yadi, ga masu canji, kowa yana fara magana da Hausa ya ƙarasa da Faransanci.

A ƙofar gidan na yi sallama na shiga. Sai na ji ƙara a bayana. Abokina ne ya yi tuntuɓe, ya shigo zaure da hannu biyu a ƙasa.

"Ashiya, malam!" in ji Gwaggo, wato sannu a bakin mutanen nan, tana fitowa da dariya. "Kowane baƙo sai ƙofar nan ta gaishe shi." Ta juyo ta dube ni. Sunan mahaifinta na ci, don haka Babana take kirana. "Kai kuwa Babana, ƙafarka ba ta manta ba."

Na waiga. Dokin ƙofar na siminti ne, tsayinsa har gwiwa, kuma na tsallake shi ban duba ba. Takalmana suna hannuna, na riga na ɗaga su wajen bango. Ƙusoshi na jere a wurin.

"Gwaggo, wa ya buga waɗannan?"

"Ubanka mana. Ai kai ka jawo mana aikin. Ruwa ya shigo zauren nan ya tafi da jan takalminka ƙafa ɗaya. Kwana uku kana tsaye bakin kwata kana kiransa. Shi ne ya kawo magini ya ɗaga ƙofar. Waccan ta ƙasa taka ce."

Abokina yana murza ƙwaurinsa ya ce ba zai ce komai ba. Bai yi shiru ba sai la'asar.

Da yammar aka tsuge da ruwa. Na tsaya a zaure ina kallon lungun ya zama rafi, ruwan ya hau simintin ya tsaya saura ɗan yatsa uku. Mata a ciki ko ɗago kai ba su yi ba, suyarsu kawai suke. Washegari aka raɗa wa jaririya suna, muka ci naman rago da shinkafa da miyar ndole mai ɗan ɗaci, wadda Gwaggo ta ce sai na ƙara domin ita na fara sani kafin miyar kuka.

Ranar Lahadi a mota na rubuta wa mai tace rubutuna cewa babin yana nan, Garwa ce za ta fita daga littafin. Kafin mu kai Edeya ta amsa: "Da ma ruwan littafin nan ya fi ƙarfin unguwarmu. Na ba ka mako uku."

Mun iso Yawunde lafiya. Na tafi da tabbacin cewa na san inda kowace jimlata ta fito, na dawo na gane shekara da shekaru ina rubuta zauren Gwaggo ina kiransa Garwa. Gidana a kan tudu yake, ruwa bai taɓa zuwa ba, amma na buga ƙusa ɗaya a bakin ƙofa.