Ranar da Na Kushe Falon Hajiya

Muddin ina numfashi ba zan manta da ranar da na kushe falon aminiyata a gaban duk Amurka ba. Abin ya faro ne a wani shagon kayan abinci da ke Gate City Boulevard. Na je sayen manja, sai idona ya faɗa kan wata takarda manne a ƙofa: hoton wani dattijo da matarsa riƙe da hannun juna, mabuɗi na lilo a tsakaninsu. Wai ana neman masu ritaya da suka sayi gida kwanan nan su fito a shirin talabijin na neman gida. Ni kuwa shekara talatin na yi ina koyarwa a Jos, ina ɓoye littattafan soyayya a ƙarƙashin rajista. Nan take na hango kaina cikin leshi, iska na kaɗa gyalena, Baban yara na kallona kamar ranar ya fara ganina. Mutumin da ko a coci ba ya yarda mu jera.

Sai da aka ɗauke mu na gane shirin duk wasa ne. Gidanmu na Pleasant Garden, wanda muka yi wata biyar a ciki, shi za mu zaɓa a ƙarshe. Aka kwashe kayanmu kaf aka zuba a gareji, aka ce mu shiga muna mamaki. Baban yara ya ɓata ɗaukar shirin har sau shida, don da ya shigo sai hannunsa ya tafi kai tsaye kan makunnin fitila da ke bayan ƙofa. Da darakta, wata Baturiya mai yawan murmushi, ta ce ya riƙe hannuna, a wuyan hannu ya kama ni kamar zai tsallakar da ni titi.

Ana kuma buƙatar gida biyu da za mu duba mu ƙi. Sun samo ɗaya a Irving Park, ɗayan ya gagara. Ni da bakina na ce ina da ƙawa. Hajiya 'yar Maraɗi ce, da kitso ta sayi gidanta, shekara goma sha huɗu tana tsaye a kan kawunan mutane. Ita ta fara kai ni asibiti a garin nan, ita ta koya mini tuƙi. Da murnarta ta ba da mabuɗi, ta sake fenti, ta rataya sabbin labule masu ruwan zinariya, ta bar wa ma'aikata dambu a kicin, ta tafi shago. Ban gaya mata cewa aikina a gidanta shi ne kushe ba.

Darakta ta ce in faɗi abin da bai yi mini ba. Na ce komai ya yi. Ta ce in ba kushe babu shiri, in ma faɗa da harshena, za a rubuta fassarar a ƙasa. Fitila ta haska ni, kyamara ta matso, sai jarumar da ke kwance a cikina ta miƙe. Na dafa ƙirji, na lumshe ido, na ce, "Zuciyata ba za ta iya zama a nan ba. Wannan ai ba falo ba ne, rumfar mai sayar da kayan lefe ce." Baban yara ya yi gyaran murya. Ni dai daɗi nake ji, don a ɗauka ɗaya na gama.

Bayan wata huɗu aka saka shirin. Hajiya ta tara mata goma sha biyu a falon nan, ta zaunar da ni a kujerar tsakiya. Fassarar ma ba a buƙace ta ba, kowa Hausa yake ji. Zoɓo ya sarƙe wata daga cikin matan. Hajiya ta kashe talabijin, ta dube ni.

"Anti, shekara uku kina zama a rumfar nan, ba ki taɓa tambayar farashi ba."

Mata suka kwashe da dariya, ita ba ta yi ba.

Mako uku ba ta ɗauki wayata ba. Na rubuta mata wasiƙa shafi huɗu, har da hawaye da taurari. Baban yara ya karanta, ya ce in ajiye shirme in je da ƙafata. Na same ta a shago, na fara bayani, ta nuna mini kujera kawai. Awa uku tana yi mini kitso, tana ja kamar mai tufka igiya. Kwana biyu ko gira ban iya ɗagawa ba. Da ta gama ta ce, "Shi ke nan, mun biya juna."

Abin da na koya shi ne, ko da wasa aka ce ki yi magana, bakinki ne ya faɗa, kuma kunnen da zai ji ba wasa yake ba. Hajiya yanzu ta bar kitso, gwiwa ta hana, tana Maraɗi wajen ƙanenta. Da za ta sayar da gidan, ni ta ba mabuɗi in riƙa buɗe wa masu dubawa, da sharaɗi ɗaya: in tsaya a waje, kada in ce komai.