Shafin da Baba Ya Ajiye

"Kar ka taɓa min wannan," in ji Inna, ta riƙe min hannu.

Jiya ne, a gidanmu na Zakirai. Ta yi min ƙorafin wayar marigayi Baba da take riƙe da ita ta yi nauyi, na zauna ina goge tarkace. Har na kai kan tsohuwar burauzar nan ta shiga intanet da muka yi yayi, wadda muke kashe mata hotuna don kar data ta ƙare.

"Inna, wannan ai ta tsufa. Zan sa miki irin tawa, kafin ki ƙifta ido ta buɗe."

"Buɗe ta dai ka gani."

Na buɗe. Shafi ɗaya tak aka ajiye a ciki: jerin waɗanda jami'a ta ɗauka, shekarar da na samu gurbi.

Nan take na tuna ranar. Muna girbin gero, na hau tudun bakin gona ina ɗaga wayar sama, shafin yana jan ciki, Baba na tsaye a ƙasa yana ta salati. Sai a karo na uku ya buɗe.

"Bai iya boko ba," in ji Inna, "amma duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Da yatsa yake ƙirgawa, layi na tara ne kai. Ni ma haka nake yi."

Na miƙa mata wayarta da nauyinta.

Ku fa, me kuka kasa gogewa?