Malam Wahabu da Kurkunun Tungar Lado

Ni aka ɗora wa sakatarancin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ajinmu, kuma har yau ban yafe wa wanda ya fara ɗaga hannu ya ambaci sunana ba. Mu talatin da ɗaya muka gama makarantar koyon aikin lafiya a Sakkwato a 1978. Da shekara ashirin da biyar ta cika, a 2003, aka ce za a yi taro a Gusau, a buga ɗan littafi, kowa a sa hotonsa da labarin inda rayuwa ta kai shi. Tattaro labaran ya faɗo kaina, ni Lauwali Gummi, mai hawan jini da gajen haƙuri.

Na aika wa kowa takarda, amsoshi suka yi ta zuwa. Muttaka ya zama darakta a ma'aikata, ya cika shafi biyu har da sunayen ƙasashen da ya je taro. Fa'iza tana shugabantar unguwarzomomi a wani babban asibiti, ɗiyarta ta fari tana karatun likita. Wani ya bar aikin ya buɗe kemis a Gummi, ya yi tumbi. Huɗu sun rasu, Allah ya jiƙansu. Mutum ɗaya ne ya yi mini shiru, Abdulwahabu Anka, wanda ya fi mu duka ƙwaƙwalwa a aji. Takarda uku na aika masa. A ta ukun ne ya ba direban motar kasuwa saƙon baki, wai in yi haƙuri sai watan Agusta ya fita, kafin nan ba shi da abin faɗa. Raina ya ɓaci. Na mayar da saƙo ta bakin direban cewa ina nan tafe da kaina, kuma ko ya so ko ya ƙi sai na sa shi a littafi.

Wahabu, haka muke kiransa, ɗan gidan malamai ne a Anka. Mahaifinsa yana da makarantar allo, kuma da ƙyar aka bar shi ya yi boko. Muna gamawa aka tura shi ɗakin shan magani na Tungar Lado, wani ƙauye bayan Zugu a ƙasar Bukkuyum. Aka ce shekara biyu zai yi. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, duk muka yi rububin kujeru a Gusau, ni ma a ciki, ba zan yi ƙarya ba. Shi ma an kira shi. Ya ce ba ya barin Tunga sai ya ga bayan kurkunu.

Wanda bai zauna ƙauye a lokacin ba ba zai gane wannan magana ba. Kurkunu tsutsa ce doguwa da ake sha a ruwan tafki tun tana ƙwaya. Sai ta shekara a jikin mutum, sannan ta huda fata ta fito, yawanci a ƙafa, kuma da damina take fitowa, daidai lokacin noma. Magidanci ya kwanta wata biyu yana kallon ciyawa tana cinye masa gero. Idan mai ciwon ya tsoma ƙafa a tafki, ya zuba wa garin ciwon baɗi ke nan. Shekarar da Wahabu ya isa, ya ce mini, mutum saba'in da wani abu ya ƙirga a kwance a ƙauyen da bai kai gida ɗari ba.

Mutanen Tunga kuwa sun ce jijiya ce, a jini take, gadonta ake yi. Ya yi shekaru yana fama. Ya ɗebo ruwan tafki a kwalba, ya kai zauren liman da gilashi mai ƙara wa abu girma, dattijai suka leƙa ɗaya bayan ɗaya suka ga ƙananan ƙwari masu ɗauke da ƙwayar kurkunun suna tsalle a ruwan da suke alwala da shi. Da aka kawo ƙyallen tace ruwa ya raba gida gida, bayan sati ya tarar mata sun mayar da shi matacin kamu, wai ya fi nasu laushi. Bai yi faɗa ba, ni da ni ne da an ji mu. Ya sake rabawa, ya ce ɗaya na koko, ɗaya na randa. Ya tara gayya aka jera duwatsu a bakin tafki don a riƙa ɗiban ruwa ba tare da an shiga ba. A haka saba'in ta koma arba'in, ta koma tara, ta koma biyu. Mutum na ƙarshe ya warke a Agustan 2002. Idan Agustan 2003 ya fita ba a samu kowa ba, an yi wata goma sha biyu cur, kuma abin da yake jira ke nan.

Ban san wannan ba sai da na je. Na bar motata a Zugu saboda hanya ta jiƙe, na hau babur ɗin kabu-kabu, na isa da hantsi ranar ashirin da takwas ga wata, taɓo har gwiwa. Na tarar da rabin gari a ƙofar ɗakin shan magani ana jirana. Ashe direban nan ya baza cewa wani babba zai zo daga Gusau ya rubuta Malam Wahabu a littafin gwamnati. Ni da littafin da ko kuɗin bugawa ba mu gama haɗawa ba! Wahabu ya fito, ya rame, gemu ya yi fari, amma dariyar tana nan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe har yanzu ban koyi tafiya a laka ba. Na ce shi kuma har yanzu bai koyi amsa wasiƙa ba.

Muka zauna a zaurensa, ya ba ni labarin da na faɗa muku. Sauran kwana uku, in ji shi. Sannan ya ce tunda na sha hanya sai ya shayar da ni furar da babu irinta daga nan har Gummi, furar Bilki matar Namadi, wadda take sayarwa a cikin gida. Ya leƙa ya gaya wa matarsa Habsu a karɓo.

Aka kawo ƙwarya. Ni na sha na ji daɗi, na yaba. Shi ya kai ludayi baki sau ɗaya ya ajiye. Ya ce wannan ba furar Bilki ba ce, tata tana da kanumfari, shekara goma sha biyar yana shanta. Ya kira Habsu bakin ƙofa ya tambaye ta lafiya Bilki ba ta yi fura ba. Ta ce wai ba ta daka ba yau. Ya ce jiya fa? Ya ce shekaranjiya ma ya lura Namadi da kansa ya ɗebo ruwan gidansa, ya ɗauka taimako ne. Habsu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, shi kuma ya miƙe ya ɗauki jakarsa.

Na bi shi. Namadi dattijo ne mai natsuwa, yana ganinmu a ƙofar gidansa fuskarsa ta faɗi. Bai yi gardama ba, ya shiga ya yi mana iso. Bilki tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa ɗaya, an ɗaure idon sawun da tsumma. Wahabu ya durƙusa ya kwance. Bororon ya fashe, ga kan tsutsar fari kamar zare ya leƙo. Bilki ta ce bara da mahaifinta ya rasu ta yi sati biyu a garinsu wajen Anka, can ta sha abin da aka ba ta, ba ta iya cewa a gidan makoki a tace mata ruwa ba.

Kwana huɗu ke nan da fitowar kurkunun, kuma kusan duk garin sun sani. Mai gari ya sani, liman ya sani, Habsu ma ta sani. Sun haɗa baki a rufe har baƙon Gusau ya zo ya tafi. Namadi ya ce, idonsa a ƙasa:

"Malam, shekara ashirin da biyar kana tare da mu. Ka yi muna komi. Ranar da za a rubuta ka, sai daga gidana a ɓata ma? Wanga abu ba mu iya shi."

Wallahi sai na ji kamar in nutse, don saƙona ne ya jawo. Wahabu ya juya ga Bilki ya tambaye ta a hankali ko ta je tafki tun da ya fito. Namadi ya yi saurin cewa a'a. Ita kuwa ta fara hawaye, ta ce ta je sau ɗaya, ranar farko, da rana tsaka ba kowa. Ƙafar tana ƙuna kamar an ɗora garwashi, ta tsoma ta a ruwa don ta ji sanyi.

Ya wanke ciwon, ya naɗe ɗan abin da ya fito a tsinke, ya ɗaure da bandeji, ya ce mata zai riƙa zuwa kullum da safe har ta fita duka. Ya ce mata kuma ta kyauta da ta faɗa.

A hanyar komawa na yi abin da nake jin kunyarsa har yanzu. Na ce masa, kai Wahabu, kwana uku ne fa. Ka bari wata ya fita ka sa ta a rahoton Satumba, Agusta ya tafi da sifirinsa, ka samu shekararka. Wa zai sani? Ya tsaya ya kalle ni. Ya ce akwai maganin da ake zubawa a tafki ya kashe ƙwarin, amma ba a ba da shi sai da rahoto, kuma kwanaki kaɗan ne ke gare su kafin abin da Bilki ta zubar ya zama na kamuwa. Huɗu sun riga sun tafi.

"Lauwali," ya ce, "in na ɓoye mutum guda bana, baɗi ashirin za su kwanta. Mi zan yi da sifirin?"

Ya shiga ofis ya cika takarda a gabana. Inda aka ce adadi ya rubuta ɗaya. Na ga ya daɗe yana kallonta, kuma na san abin ya yi masa ciwo, don da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya tayar da tsohon babur ɗinsa, na ce ba ya tafiya shi kaɗai. Muka kama hanyar Bukkuyum a goye, muka faɗi sau biyu. A ofishin lafiya na ƙaramar hukuma na yi amfani da bakin nan nawa da kowa ke kuka da shi, kuma dai mutanen kirki muka tarar. Washegari ma'aikata biyu suka biyo mu, aka auna tafkin, aka zuba magani. Bayan la'asar Wahabu ya tara dattijai a ƙofar mai gari. Na zaci zai zazzage su. Ya yi musu godiya a kan ƙaunar da suka nuna masa, sannan ya roƙe su kada su sake nuna masa irinta.

A littafin, ƙarƙashin hotonsa, layi biyu kawai na samu na rubuta: yana Tungar Lado, yana jiran damina mai zuwa. A wajen taron Muttaka ya ce an yi wa mutumin rowar shafi. Na tashi na ba su labarin duka, har da shawarar banzar da na bayar. Fa'iza ce ta fara magana, ta ce a yi masa addu'a, aka ɗaga hannu.

Shekarar nan na yi ta da zullumi kamar ni ke da tafkin. Ko maganin ya riski abin a kan lokaci, ba mai iya sani sai damina ta dawo. Ban iya jira a aiko mini ba. Ƙarshen Satumban 2004 na sake barin mota a Zugu na hau kabu-kabu.

Na shiga Tunga da hantsi na ji gari shiru, na ce ko kurkunu ya kwantar da su. Gindin tsamiyar ƙofar mai gari babu kowa sai awaki. Na wuce ɗakin shan magani na tarar da Wahabu shi kaɗai a benci yana gyaran takalminsa. Ko sallama ban gama ba na tambaye shi mutum nawa bana, kuma ina mutanen gari suka shiga. Ya ajiye takalmin, ya share ido da hannun riga.

"Ba ko guda, Lauwali. Duk suna gona, har Bilki ta tahi kai musu fura da ƙafarta."